Farautar Kifin Wel Don Kasuwanci: An Hana Ko Ba A Hana Ba?

A watan Mayun 2024 wani sabon jirgin ruwa mai suna Kangei Maru ya bar tashar Shimonoseki ta ƙasar Japan. Tsawonsa ya haura mita 110, an kashe kimanin yen (kuɗin Japan) biliyan 7.5 wajen ƙera shi, aikinsa kuma guda ne: ƙananan jirage su harbo kifin wel, a jawo gawar ta wata ƙofa da ke bayansa, a feɗe, a yanyanka, a daskarar da naman tun ana tsakiyar teku. Kafin shekarar ta ƙare, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Aisalan ta ba da lasisin farautar wel na shekara biyar. Norwe kuwa duk shekara sai ta sanar da adadin da masuntanta za su kashe, a bainar jama'a.

Wanda ya taɓa jin cewa duniya ta hana wannan farauta tun 1986 dole ya yi mamaki. Ko dai ƙasashen nan uku suna taka doka ne da gangan, ko kuma dokar ba yadda aka ba shi labari take ba. Na biyun ya fi kusa da gaskiya. An dakatar da farautar, amma yarjejeniyar da aka yi dakatarwar a ƙarƙashinta ta bar ƙofofi a buɗe, kuma kowace daga cikin ƙasashen ta bi ƙofarta daban.

Dabbar da ake magana a kanta

Baki ya saba da cewa kifi, amma wel ba kifi ba ne. Da huhu yake numfashi, shi ya sa yake tasowa saman ruwa ya fesar da iska ya shaƙi wata. Macen haihuwa take yi, ta shayar da ɗanta nono. A nan lissafin farautarsa ya rabu da na kamun kifi. Kifi guda kan zuba dubban ƙwai, wani ma miliyoyi. Macen wel kuwa takan ɗauki ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya tak, sai bayan shekara biyu ko uku ta sake. Idan aka yi musu ɓarna, maye gurbin sai an ɗauki gomman shekaru.

Gida biyu suka kasu. Akwai masu haƙora, babbansu shi ne sifam mai ƙaton kai, kuma dolfin ma 'yan wannan gida ne. Akwai marasa haƙora, masu wani abu kamar mataji jere a muƙamuƙin sama: su cika baki da ruwa, su tace shi kamar da rariya, su haɗiye abin da ya maƙale. Yawancin abincinsu kiril ne, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu kama da jatan lande. A wannan gida ake samun shuɗin wel, wanda tsawonsa kan kai mita 30, nauyinsa ya haura tan 150, babu dabbar da aka sani ta fi shi girma. Sai fin, da sei, da mai doro, da ƙaramin da ake kira minki, wanda shi aka fi farauta a yau.

Farautar ma iri uku ce a idon doka, kuma yawancin ruɗanin daga haɗa su wuri guda yake tasowa. Ta kasuwanci ita ce kashewa don a sayar, ita aka dakatar. Ta 'yan asalin yanki ita ce wadda wasu al'ummomi ke yi don ci, kamar Inuit na Alaska da Grinlan, da mutanen Chukotka a Rasha, da na tsibirin Bequia a yankin Karibiyan. Wannan dakatarwar ba ta shafe ta ba, adadi kawai ake ƙayyade musu. Ta uku ita ce ta binciken kimiyya, wadda sashe na 8 na yarjejeniyar ya ba kowace ƙasa ikon ba wa kanta izini.

Yadda aka kusa ƙarar da su

Mai ne ya jawo wa wel bala'i, nama daga baya ya zo. Ana narka kitsen da ke ƙarƙashin fatarsa a samu man fitila da na shafa wa injuna. A tsakiyar ƙarni na 19 jiragen Amurka fiye da 700 ne ke yawo a tekunan duniya kan wannan sana'a. Da aka haƙo man fetur a Pennsylvania a 1859 kananzir ya karɓe kasuwar fitila, sai a ɗauka wel ya huta. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Maharban farko da ƙananan kwale-kwale da mashin hannu suke aiki, don haka sai nau'in da ke tafiya a hankali, wanda kuma gawarsa ke tasowa saman ruwa, suke iya kamawa. Shuɗin wel da fin sun fi ƙarfinsu: suna da gudu, in sun mutu kuma nutsewa suke yi. Wani ɗan Norwe, Svend Foyn, shi ya sauya wannan lissafi a wajajen 1870. Ya ɗora igwa a goshin jirgi mai injin tururi, igwar tana harba mashi mai ƙugiyoyi ɗaure da igiya, a bakin mashin kuma akwai nakiya da ke fashewa bayan ta shiga jikin dabbar. Daga baya aka ƙara dabarar hura wa gawar iska don kada ta nutse. Daga nan babu wel ɗin da ya gagara.

A 1904 aka kafa tashar Grytviken a tsibirin South Georgia, ƙofar tekun Antatika. Tashoshin wannan tsibiri kaɗai sun feɗe wel kimanin 175,000 kafin a rufe su a tsakiyar shekarun 1960. A 1925 aka fara amfani da jirgin da ke jawo gawa cikinsa ya sarrafa ta a teku, kakan Kangei Maru ke nan, maharba suka daina buƙatar gaɓar kowace ƙasa, balle dokarta. A lokacin masana'antu sun gano yadda ake daskarar da man a yi majarin (man shafa wa burodi) da sabulu, ana kuma cire sinadarin haɗa nakiya daga cikinsa. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe shuɗin wel sama da 29,000 a Antatika. Ƙididdigar da masana suka haɗa ta nuna an kashe wel kusan miliyan 2.9 a ƙarni na 20. Shuɗin wel na Antatika, da aka ƙiyasta sun haura 200,000 kafin farautar, sun koma 'yan ɗaruruwa a shekarun 1970.

An kafa Hukumar Kula da Farautar Wel ta Duniya, IWC, bisa yarjejeniyar da aka sanya wa hannu a Washington ranar 2 ga Disamban 1946. Gabatarwar yarjejeniyar ta ambaci manufa biyu a numfashi guda: adana wel, da bunƙasa sana'ar farautarsa cikin tsari. Rigimar yau duka tana cikin wannan jimla, kowane ɓangare yana riƙe da rabinta.

A shekarunta na farko hukumar taron maharba ce. Ma'aunin da ta yi amfani da shi ya isa misali. Ba ta ƙayyade adadin kowane nau'i ba, sai ta ƙirga da yawan mai: shuɗin wel ɗaya daidai yake da fin biyu, ko mai doro biyu da rabi, ko sei shida. Ana buɗe kaka kowa ya ruga, ana cika adadin a rufe. Kowane kyaftin ya san ribarsa tana ga mafi girma, sai aka bi su daki-daki: shuɗi ya yi ƙaranci aka koma kan fin, fin ya ragu aka koma kan sei, daga ƙarshe aka zo kan minki da a da ba a ko kallonsa. Sai a 1972 aka yi watsi da wannan ma'auni.

Sannan akwai ƙarya. A 1993, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, masanin Rasha Alexey Yablokov ya bayyana cewa jiragen ƙasar sun shafe shekaru suna ba hukumar alƙaluman bogi. Wel kimanin 180,000 suka kashe ba su faɗa ba. A kudancin duniya sun ce mai doro 2,710 suka kama, alhali sun haura 48,000. Duk lokacin da aka ce a amince wa ƙasa ta sa ido a kan maharbanta, wannan tarihi ne masu adawa ke ɗaukowa.

Ƙuri'ar 1982 da ƙofofin da ta bari

Taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan muhalli na Stockholm ya nemi a tsayar da farautar na shekara goma tun 1972, hukumar ta yi kunnen uwar shegu. Abin da ya sauya shi ne mambobinta. Kowace ƙasa na iya shiga ko ba ta da teku, kuma cikin shekara goma ƙasashen da ba sa farauta suka yi rinjaye. A taron Brighton na Ingila a 1982, ƙasashe 25 suka amince, 7 suka ƙi, 5 suka ƙaurace. Aka mayar da adadin farautar kasuwanci sifili daga kakar 1985 zuwa 1986.

Dakatarwa aka rubuta, tare da alƙawarin sake duba lamarin kafin ƙarshen 1990. Kwamitin kimiyya na hukumar ya yi aikinsa: ya fito da tsarin lissafi mai tsauri, wanda yawanci ba ya yarda a kashe ko kashi ɗaya cikin ɗari na garken a shekara. Hukumar ta amince da lissafin a 1994, amma ta ce ba za a yi aiki da shi ba sai an daidaita kan sufetoci da hanyar sa ido. Har yau ba a daidaita ba. Tun a 1993 shugaban kwamitin, Philip Hammond, ya yi murabus saboda yadda hukumar ke jan ƙafa kan shawarar masananta. Masu farauta suna ganin an yaudare su, an mayar da hutu ya zama haramci ta bayan gida, kuma a wannan gaɓa takardu suna bayansu.

Ƙofa ta farko ita ce ƙin amincewa. Duk ƙasar da ta shigar da ƙorafi cikin kwana 90 bayan an yanke hukunci, hukuncin bai hau kanta ba. Norwe ta yi haka, ta koma farautar minki a 1993, kuma babu dokar da ta karya. Aisalan ba ta shigar da ƙorafi a kan lokaci ba, sai ta fice a 1992, ta dawo a 2002 da sharaɗin cewa dakatarwar ba ta shafe ta ba. Ƙasashe da dama sun ce wannan wasa da hankali ne, amma ta koma farautar kasuwanci a 2006.

Hanyar Japan

Japan ma ta shigar da ƙorafi da farko. Amurka ta yi mata barazanar rage mata kamun kifi a ruwanta, sai ta janye. A 1987 ta buɗe ƙofa ta biyu, ta sashe na 8: jiragenta suka ci gaba da zuwa Antatika da sunan bincike, naman kuma yana ƙarewa a kasuwa, tun da sashen ya ce kada a zubar da abin da aka kama.

Ostareliya ta kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague a 2010. Ranar 31 ga Maris 2014 alƙalai 12 cikin 16 suka yanke cewa shirin bai cancanci a kira shi bincike ba. Kotun ba ta ce kashe wel don kimiyya haramun ne ba. Abin da ta duba shi ne ko yawan kisan ya yi daidai da tambayoyin da ake neman amsarsu: an kashe minki wajen 3,600 tun 2005, rubutun kimiyya biyu kawai da masana suka tantance aka nuna mata. Japan ta huta kaka guda, ta sake tsari, ta koma Antatika da adadin 333 a shekara.

A taron Florianópolis na Birazil a 2018 ta nemi a sake buɗe farautar kasuwanci ga nau'o'in da suka yawaita, aka kayar da ita da ƙuri'a 41 da 27. Taron ma ya zartar da sanarwar cewa aikin hukumar yanzu adanawa ne. Ranar 26 ga Disamba Japan ta sanar da ficewa, ranar 1 ga Yulin 2019 jiragenta suka fita farautar kasuwanci a fili.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ficewar ta rage kisan. Da ta bar hukumar ta rasa hujjar zuwa Antatika, ta taƙaita a ruwanta. A shekarar ƙarshe ta bincike, in aka haɗa na Antatika da na arewacin Fasifik, ta kashe sama da 600, bayan haka adadin ya dawo wajen 300 a shekara. Sai dai yanzu ita ke yanke wa kanta adadi, ba wanda zai tambaye ta. A 2024 ta ƙara fin a jerin, ta ƙayyade 59, aka kama 30. Kangei Maru kuma yana da ƙarfin isa Antatika, duk da kamfanin da ya mallake shi ya ce ba shi da wannan niyya.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Hujjar masu farauta ta fi ƙarfi a wurin alƙaluma. Wel ba nau'i ɗaya ba ne, suke cewa, kuma ƙarancin shuɗi ba dalilin hana minki ba ne. Minki na arewa maso gabashin Atlantika sun haura 100,000, Norwe kuma 'yan ɗaruruwa take ɗauka a shekara. Yawancin masana ba sa jayayya cewa wannan adadi ba zai ƙarar da garken ba. Suna kuma tambaya: me ya raba wel da saniya ko barewa? Dabbar da ta rayu a sake a teku ta mutu cikin mintuna, a cewarsu, ta fi wadda ta ƙare rayuwarta a keji. Ga Japan akwai batun tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin yunwa, hukumomin mamaya na Amurka da kansu suka ba ta izinin komawa Antatika, naman wel ya shiga abincin 'yan makaranta. Tsofaffi da yawa da shi suka girma, kuma ba sa jin daɗin ƙasashen da suka fi kowa ɓarna a baya su dawo suna yi musu wa'azi.

Masu adawa ba baki ɗaya suke magana ba, kuma raba su yana da amfani. Wasu damuwarsu lissafi ne. Ƙirga dabbar da ke nutsewa a faɗin teku ƙiyasi ne mai faɗin kuskure. Garke mai yawa kan cakuɗu da mai ƙaranci, kamar wani rukunin minki na tekun da ke tsakanin Japan da Koriya, kuma mai igwa ba ya iya bambance su. Sei da Japan ke kamawa yana jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa. Norwe ma da ke amfani da lissafin hukumar ta sassauta shi da kanta don ya ba ta adadi mai yawa.

Wasu damuwarsu yadda dabbar ke mutuwa. Ana harbi ne daga jirgin da ke tangaɗi, kan abin da ke motsi. Norwe ta ce kusan kashi 80 cikin ɗari na minkin da take harbi nan take suke mutuwa. Hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Aisalan ta duba kakar 2022, inda aka kashe fin 148, ta gano 36 sai da aka harbe su fiye da sau ɗaya, wasu kuma sun yi har awa biyu kafin rai ya fita. Rahoton ya sa ministar abinci ta lokacin, Svandís Svavarsdóttir, ta dakatar da farautar sama da wata biyu a 2023.

Rukuni na uku ba ruwansu da adadi. A ganinsu dabba mai irin wannan kaifin ƙwaƙwalwa da zaman iyali ba abin yanka ba ce ko da ta cika teku. Wannan matsayi ne na ɗabi'a, kimiyya ba za ta tabbatar da shi ko ta rushe shi ba. Matsalar ita ce a zauren hukumar kowa da rigar kimiyya yake shiga. Mai ƙin kisa gaba ɗaya sai ya ce alƙaluma ba su isa ba, mai kare martabar ƙasa sai ya ce bincike yake yi. Shi ya sa shekara arba'in ana tufka da warwara.

Akwai hujja ɗaya da bincike ya raunana: cewa wel na cinye kifin da mutane za su ci, don haka rage su zai amfani masunta. Wani nazari da mujallar Science ta buga a 2009 ya duba tekun arewa maso yammacin Afirka da na Karibiyan, ya gano ko an kawar da wel kamun kifi ba zai ƙaru da wani abin a zo a gani ba, domin haihuwa ke kawo su ruwan ɗumi, ba sa cin abin kirki a can. A Antatika ma an zaci kiril zai yawaita bayan an kashe masu cinsa, sai ya ragu. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne kashin wel taki ne: yana mayar da sinadarin ƙarfe saman ruwa, ƙananan tsirran teku su tsiro, kiril ya ci. A ɗaya gefen ma akwai zuzutawa. Ƙiyasin da wasu masana na Asusun Lamuni na Duniya suka yi a 2019, cewa kowane babban wel ya kai darajar dala miliyan 2 saboda iskar kabon da yake ɗaukewa, ya yaɗu sosai, amma masana teku da dama sun ce a yi hattara da shi.

Ina garken suke yau

Dakatarwar ta yi aiki, wannan ba a jayayya a kai. Mai doro na gaɓar Birazil, da suka koma kimanin 450 a shekarun 1950, sun kai wajen 25,000. Na gabashin Ostareliya sun tashi daga 'yan ɗaruruwa zuwa dubbai gommai. A 2018 an sauke fin daga matakin haɗari zuwa wanda bai kai shi tsanani ba. Shuɗin wel na Antatika yana ƙaruwa, amma har yanzu 'yan dubbai ne.

Wasu kuma ba su farfaɗo ba duk da ba mai harbinsu. Wel ɗin rait na arewacin Atlantika, wanda aka daina farautarsa tun shekarun 1930, saura kimanin 370, matan da ke haihuwa a cikinsu wajen 70. Abin da ke kashe su igiyar tarkon masunta ce da jiragen dakon kaya. Igiyar da ke haɗa tarkon ƙaguwa a ƙasan teku da alamarsa a sama takan naɗe wa wel baki ko fiffike ko wutsiya. Ya yi ta jan ta wata da watanni, tana cin nama har ƙashi, ya kasa cin abinci, ya rame ya mutu. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na wannan garke suna ɗauke da tabon igiya. A faɗin duniya an ƙiyasta wel da dolfin da danginsu kusan 300,000 ne ke mutuwa a raga da igiya duk shekara, alhali abin da Japan da Norwe da Aisalan ke harbewa a haɗe bai cika wuce dubu guda ba. Ga ƙarar injuna da ta binciken mai da ke toshe musu ji, ga ɗumamar teku da ke sauya wa abincinsu wuri, ga jiragen da ke kwasar kiril ɗin kansa.

Magungunan nan ba su da armashin arangama da jirgin maharba a gaban kyamara, amma sun fi ceton rai. Amurka ta tilasta wa manyan jirage rage gudu a wasu yankunan gabashinta tun 2008. A 2022 kamfanin jiragen dakon kaya na MSC ya karkatar da hanyar jiragensa a kudancin Sri Lanka don kauce wa wurin kiwon shuɗin wel.

Wa abin ya shafa

Mai sayen nama shi ne ya fi kowa yanke hukunci, ba tare da ya je taro ba. A 1962 Japanawa sun ci naman wel sama da tan 230,000, yau 'yan dubbai ne. Gwamnati ta daɗe tana tallafa wa sana'ar da wajen yen biliyan 5 a shekara, wato mai biyan haraji ne ke riƙe da ita, har wanda bai taɓa ɗanɗana naman ba. A 2023 kamfanin farautar ya kai ga girka injunan sayar da naman a cikin birane don jawo matasa. A Norwe jiragen farauta sun ragu daga kimanin 350 a 1950 zuwa ƙasa da 20, kuma sau da yawa ba sa kama ko rabin adadin da aka ba su. A Aisalan kamfani ɗaya ne ke farautar fin, Hvalur, kusan duk namansa Japan yake kaiwa. Duk da sabon lasisin, a 2025 ya ce ba zai fita ba saboda kasuwar Japan ba za ta mayar masa da kuɗinsa ba.

Ga ƙananan garuruwan gaɓa irin na tsibiran Lofoten a Norwe ko Ayukawa a Japan, aiki ne na gaske ga iyalai na gaske, ko da ba su da yawa. Amma wel mai rai ma yana kawo kuɗi. Wani ƙiyasi na 2008 ya nuna mutum miliyan 13 ne suka biya kuɗi don kallonsa a ƙasashe da yankuna 119, suka kashe dala biliyan 2.1. Garin Húsavík na Aisalan da wannan sana'a yake ci. Masu jiragen yawon buɗe ido suna ƙorafin farauta na ɓata musu suna, maharba su ce shekara da shekaru ana yin biyun tare ba wanda ya rufe.

Batun lafiya ya fi shafar masu cin wel mai haƙora, domin zaiba da sauran gubar masana'antu suna taruwa a jikinsa. A 2008 manyan jami'an lafiya na tsibiran Faroe sun shawarci jama'arsu su daina cin naman ƙaramin wel ɗin da suke kora zuwa gaɓa su yanka. Wannan farauta, kamar ta dolfin a Taiji ta Japan, ba ta cikin dakatarwar 1982 ma, domin hukumar manyan nau'o'i kawai take ƙayyadewa.

'Yan asalin yankunan ƙanƙara su suka fi shiga tsaka mai wuya. Wel guda kan ciyar da ƙauye tsawon hunturu a inda ƙasa ba ta noma, kuma garken da Inuit na Alaska ke farauta ya ci gaba da ƙaruwa duk da farautar. Amma kasonsu ya sha zama abin ciniki. A taron 2002 Japan da ƙawayenta sun toshe sabunta shi don rama hana garuruwanta na gaɓa nasu kason, sai da aka kira taro na musamman aka gyara.

Sai ƙasashe masu tasowa, waɗanda ƙuri'arsu ta fi farautarsu daraja. Cikin mambobi kusan 90 akwai ƙasashen Afirka da na Karibiyan da na Fasifik da dama da ba sa farautar wel amma suke goyon bayan Japan, har da Mali da Mongoliya da ba su da teku. An zargi Japan da sayen ƙuri'u da tallafin kamun kifi, jaridar Sunday Times ta Birtaniya ta wallafa bincike kan haka a 2010, Japan ta musanta. Wakilan ƙasashen suna cewa ƙa'ida suke karewa: in aka hana cin wata halittar teku don ƙauna kawai, gobe ana iya zuwa kan kifin da jama'arsu ke rayuwa da shi. Suna kuma tunatarwa cewa ɗaya ɓangaren ma ya tara nasa magoya bayan marasa teku, irin su Austriya da Switzerland.

Ɗage dakatarwar na buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, ƙara wani sabon kariya ma haka. Tun bayan keɓe tekun Indiya a 1979 da na Antatika a 1994 a matsayin wuraren da ba a farautar wel, Birazil da ƙawayenta suna ta neman a keɓe kudancin Atlantika. A taron 2022 masu goyon bayan farauta sun fice daga zauren don kada a samu adadin da za a kaɗa ƙuri'a. A taron Lima na Peru a 2024 an kaɗa, 40 suka amince 14 suka ƙi, ƙuri'a ɗaya ta rage. A wannan taro an gabatar da ƙudurin neman buɗe hanyar ɗage dakatarwar, masu shi suka janye shi kafin a kai ga ƙuri'a.